Takarda Ta Ce Lafiyarta Ƙalau

A layin masu gyare-gyare, tsakanin mai walda da mai ɗinkin kujerun mota, akwai wani ƙaramin shago mai shuɗiyar ƙofa wadda ba ta buɗuwa sai an tokare ta da gwiwa. A nan mai gyaran sikeli ya shekara talatin da ɗaya. Ba wanda yake kiransa da sunansa na yanka. Sai-na-gwada kowa ya sani, kuma shi ya jawo wa kansa sunan, domin ko ce masa ka yi ruwan nan da sanyi, amsar da za ka samu ke nan.

Yana ɗan shekara goma sha huɗu ya fara dako a wani ɗakin ajiyar hatsi. Wata rana ya sunkuya zai ɗauki igiya, sai ya hangi maganaɗisu liƙe a ƙarƙashin farantin da ake ɗora duwatsun awo. Mai wurin mutum ne mai fara'a, bakinsa ba ya rabo da ambaton Allah, manoma na fita suna sa masa albarka. Tun daga ranar yaron ya daina yarda da fara'a, ya kuma daina yarda da abin da sikeli ya ce. Daga baya ya koyi gyara a hannun wani tsoho, wanda ya rasu ya bar masa akwatin katako cike da duwatsun awo na ƙarfe, daga na giram hamsin har na kilo ashirin, kowanne da gurbinsa.

Ƙa'idarsa guda ce, bai taɓa karya ta ba. Ba ya mayar wa mutum sikeli sai ya gwada shi sau uku: ba komai a kai, sannan da dutsen da ya san nauyinsa, sannan ya jijjiga shi ya sauke ya sake ɗorawa. Mahauta da masu sayar da gwangwan sun sha yi masa tsiya kan ɓata lokaci, ko a jikinsa. "Sikelin da ba a gwada shi da abin da aka sani ba," yakan ce, "ra'ayinsa kawai yake faɗa maka."

Shekaru suka mai da hannunsa sikeli. Ranar da aka haifi ɗansa na fari, ungozoma ta ce kilo uku da rabi. Ya karɓi jaririn, ya ɗan ɗaga, ya ce uku da kwata. Aka sake aunawa don a kunyata shi, uku da kwatan ne. Abin haushi ke nan game da mutumin: sau da yawa gaskiyarsa ce, kuma ba ya bari a manta. Gaskiya ba mutum ne mai daɗin zama ba.

Matarsa ta jure shi shekara talatin da huɗu. Mace ce mai jiki da yawan dariya, ciwon suga ya kama ta shekara goma da suka wuce amma bai zaunar da ita ba. Duk babban sikelin da ya gyara, in ta kawo masa abincin rana sai ya sa ta hau, ita kuma ta hau tana mita. Kilo saba'in da huɗu, shekara da shekaru, kamar an rubuta. "Malam," takan ce, "kai ko kabarinka aka haƙa sai ka ce a miƙo maka tef na awo." Shi kuwa Uwar-yara yake kiranta, har yaran suka yi gemu.

Gidansu ɗakuna uku ne da tsakar gida, da tankin ruwa a baya, da ƙaramin sito a gefensa. Suna zaune da ɗansu na fari, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, wanda unguwa take kira Injiniya, da matarsa malamar firamare, da jaririnsu ɗan wata bakwai. Iyayen suna fita aiki da safe, saboda haka daga ƙarfe bakwai har la'asar yaron yana bayan kakarsa. Angona take ce masa. Kakan kuma ɗan ƙwace yake ce masa, ya ce tunda aka haife shi ba a ƙara tambayarsa ko ya ƙoshi ba. Amma kullum ya dawo daga shago, kafin ya cire takalmi sai ya ɗaga yaron sama.

Rabin shagon nan mai shuɗiyar ƙofa na yayan matarsa ne, mai gyaran agogo. Shekara goma sha tara suna zaune gwiwa da gwiwa a wuri mai taga ɗaya. Sai mai agogo ya fara tari. Wata biyu ƙanwarsa tana zuwa ɗakinsa duk yamma, ta share, ta wanke masa kaya, ta ba shi abinci a baki, kafin asibiti ya ce tarin fuka ne. 'Ya'yansa suka zo suka tafi da shi. Asibitin ya aiko cewa duk wanda ya zauna da shi ya zo a duba shi.

Injiniya ya ce shi ba zai kai iyayensa su yi layi a sashen masu tari ba, duniya ta gan su. Ya ɗauke su a bayan motar aiki ya kai su wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a bene na biyu, mai ƙofar gilashi da furen roba da sanyi kamar cikin firiji. Sai-na-gwada ya shiga yana kallon komai ɗaya bayan ɗaya. Wurin ya yi masa kyau da yawa, abin da ya fara damunsa ke nan. Wani mutum mai farar riga ya tsira musu 'yar allura a ƙarƙashin fatar hannu, ya zagaye wurin da biro, ya ce su dawo bayan kwana uku.

Da suka koma, hannun Uwar-yara sumul, sai zanen biro. Nasa kuwa ya tashi ya yi tauri, ya fi ƙwayar wake. Mai farar riga ya ɗauko rula ta roba ya ɗora.

"Ɗan ba ni rular nan in gani," in ji Sai-na-gwada.

"Baba, don Allah," in ji Injiniya.

Ya karɓa ya juya ta a haske. "Bakinta ya cinye. Daga ina kake fara ƙirgawa?"

Mai farar riga ya yi murmushin da ake yi wa tsofaffi, ya ce in Baba bai gamsu ba akwai gwajin jini, shi ba ya kuskure. Aka ɗebi jininsu su biyu. Bayan mako guda takardu suka fito da hatimi da sa hannu: shi akwai, ita babu. A ƙasan kowace takarda akwai wasu ƙananan layuka. Ya sa yatsa a kai ya tambayi abin da suka ce, Injiniya ya leƙa ya ce surutun kamfani ne kawai.

A ranar aka kwashe buhunan gawayi daga sito aka shimfiɗa masa katifa. Aka ware masa kofi da faranti da cokali, kuma Uwar-yara da hannunta ta ɗiga musu jan farce don kada a haɗa. In ya fito alwala, surukarsa ta suri yaron ta shige ɗaki tana ce masa sannu ta taga. Injiniya ya sa wa shago sabon kwaɗo, ya ce ba buɗewa sai Baba ya yarda ya fara magani. Baba ya ce shi ba zai haɗiyi ƙwaya ɗaya kan maganar rula mai cin baki ba. Ɗa ya kafe, uba ya kafe, sun kuwa gaji juna.

Mutum irinsa ba a ba shi ɗaki da zaman banza. Cikin kwana uku ya gama tuhumar kowa. Injiniya ya daɗe yana cewa shagon zai yi kyau da ajiyar kayan sanyi. Surukar ta taɓa auna tagar ɗakinsu da ido, ya gan ta. Mai farar riga kuwa ai ba zai ce wa mutum biyu duka babu ba, da me zai sayi furen robarsa? Ya sa aka kawo masa akwatin duwatsu, kullum da safe ya ɗaga na kilo ashirin sau goma yana sauraron ƙirjinsa. Shiru. Yana cin abinci har ya suɗe faranti.

"Wane irin tarin fuka ne wannan, ba tari?" ya tambayi ɗansa daga bakin ƙofa.

"Baba, takarda biyu fa. Ta fata da ta jini. Duk ƙarya suke yi?"

"Ban ce ƙarya ba. Na ce da me aka gwada su?"

Injiniya ya girgiza kai ya tafi. Abin ya yi wa tsohon ciwo fiye da yadda ya nuna, musamman da yamma, in ya ji yaron yana ɓangala dariya a tsakar gida shi kuma ba damar ya fito.

Siton yana da ƙaramar taga mai kallon tanki. A mako na uku ya lura da wani abu. Da zarar Injiniya da matarsa sun fita, sai Uwar-yara ta zo bayan tankin da goyo, ta ajiye bokitin ƙarfe, ta buɗe famfo har ƙarshe, ta juya baya ta tsaya. Bokitin ya cika ya yi ta zuba, ita da ke faɗa in an bar ɗigo. Da farko ɓarnar ruwan ce ta dame shi. A rana ta uku ya kasa kunne sosai, sai ya ji abin da ke ƙarƙashin ƙarar ruwan. Tari ne, mai zurfi, wanda ake danne shi da gefen zane. Duk tari ɗaya kan yaron sai ya girgiza a bayanta.

Daga nan idonsa ya buɗe. Kullum sai ta shanya rigar filo da zanen kwanciya, alhali da sau ɗaya take wanke su a mako. Awarwaronta da ke tsayawa a wuyan hannu yanzu yana gangarowa har gwiwar hannu in ta ɗaga guga. Ta zuba abinci ta zauna ta juya cokali, ta mayar tukunya. Tana sa riga biyu a wannan zafin.

"Uwar-yara," ya kira ta ta taga, "tarin me kike yi?"

Ta juyo a firgice, sannan ta haɗe rai. "Hayaƙin gawayi ne. Leƙen mutane ka koma kuma?"

"Tun yaushe?"

"Malam, takarda ta ce lafiyata ƙalau. Kai ne mai ciwo, ka ji da kanka."

Kwana biyu bayan haka ta kwantar da yaron a ɗaki, ta taka kujera za ta gyara igiyar shanya. Yana kallo ta ɗaga hannu, ta tsaya, ta yi luu kamar wadda ƙasa ta juya wa. Bai san lokacin da ya fito ba. Ya tare ta kafin ta kai ƙasa, ta faɗo gaba ɗaya a hannunsa. Rabon da ya taɓa ta tun ranar takarda, kuma hannun nan nasa bai jira izini ba ya faɗa masa lamba. Ba ta kai sittin da uku ba. Tsoro ne ya kama shi, tsoro tsagwaronsa, irin wanda bai ji ba ranar da aka ce shi ne mai ciwon.

"Sake ni," ta ce tana ture shi. "Kar ka shafa min."

Washegari ya sa hula, ya ɗauki takardun nan biyu, ya ce zai je ya duba kwaɗon shago. Asibitin gwamnati ya nufa, sashen da ɗansa yake gudu. Dogon baranda ne mai bencina, iska na ratsawa ta ko'ina, kowa da ƙyalle a baki. Ya zauna ya yi awa uku yana ƙirga tarin mutane. Wadda ta kira shi wata nas ce mai furfura, tabaronta rataye da zare, ba ta da lokacin murmushi. Wannan ya ɗan kwantar masa da hankali.

Ta karanta takardarsa ta ajiye. "Kana tari? Zazzaɓi da yamma? Gumi cikin barci? Ka rame?"

"Ko ɗaya."

"To wa ya ce maka kana da tarin fuka?"

Ya nuna hatimin da yatsa.

"Baba, ba abin da takardar nan ta ce ke nan ba. Ga shi a ƙasa an rubuta, ba wanda ya karanta maka? Gwajin fata da na jini, abin da suke nunawa shi ne jikinka ya taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar ya gane ta. Ba sa iya faɗin ko a kwance take ko ta tashi. Mutane da yawa suna yawo da ita a kwance har su tsufa, ba sa ciwo, ba sa shafa wa kowa. In ana neman wadda ta tashi, kaki ake dubawa, a ɗauki hoton ƙirji, a kuma kalli mutum."

Ya dube ta ta ƙasan ido. "Naki gwajin fa? Shi ba ya kuskure?"

"Yana yi. Wani lokaci ƙwayar ba ta fitowa a kakin farko. Shi ya sa ba ma tsayawa kan abu ɗaya."

Tunda yake bai taɓa jin mai awo ya amsa da bakinsa cewa awonsa na kuskure ba. Ya ba da kaki, aka ɗauki hoto, aka ce ya dawo jibi. Ya dawo. Ƙirji fes, kaki babu komai. Nas ta ce tasa a kwance take, akwai maganin da za a ba shi don kada ta tashi, amma ba dalilin ware masa kofi. Ya kamata ya ji daɗi. Mako huɗu yana shirya yadda zai ajiye wannan magana a gaban ɗansa. Maimakon haka sai ya zaro ɗaya takardar ya tura mata a hankali.

"Wanda aka ce masa babu fa? Duka biyun, fata da jini?"

"Yana iya zama babu ɗin. Yana kuma iya zama jiki ne ya gaji. Gwajin nan amsar jiki yake jira. Wanda ya rame, ko mai suga, ko wanda ciwon ya riga ya ci ƙarfinsa, wani lokaci jikin ba ya amsawa. Sai takarda ta fito fara tas, mutum kuma yana ƙonewa."

Ya san irin wannan a shago. Sikelin da sifirinsa, ƙarfen nan mai lotsawa, ya mutu, ko buhu ka ɗora masa allurar ba ta motsi, kuma mai shi ya rantse maka ba komai a kai.

Nas ta sauke tabarau ta karanta shekarun da ke kan takardar. "Matarka ce? Tana tari?"

"Fiye da mako guda da na sani. Ta zubar da kilo goma sha ɗaya."

"Akwai ƙaramin yaro a gidan?"

"Wata takwas ya shiga. A bayanta yake yini."

Fuskarta ta canja. Ta buɗe durowa ta miƙo masa ɗan ƙaramin kofin roba mai murfi. "Ka kawo ta da kanta, shi ya fi. In ta ƙi, ta tofa a nan da safe ka kawo. Kuma tun yau a sauke yaron nan daga bayanta. Ka ji ni, Baba? Tun yau."

Ya iske ta a tsakar gida tana tsince shinkafa, yaron na barci a bayanta, kumatunsa manne da wuyanta. Ya tsuguna ya ajiye kofin a gefen tire, ya faɗa mata duk abin da nas ta ce, bai rage ba. Ta saurara har ƙarshe ba ta ɗago ba.

"Ka saba ai," ta ce. "Shekara talatin da huɗu kana neman aibu a komai. Ka gama da mahauta, ka gama da likitoci, yau ka iso kaina."

"Uwar-yara."

"Ramuwa ce? Don na ɗiga wa kofinka jan farce? So kake a mai da ni siton kai ka fito?"

Maganar ta soke shi, don shi ya koya wa gidan nan irin wannan tunani. Ya ce, "Na riƙe ki kwana uku da suka wuce. Na san abin da na ji."

Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar. Da ta sake magana, muryarta ta yi ƙasa. "Kana zaton ban sani ba? Ni na wanke wa Yaya tsummokaransa, na san kalar abin. Amma takarda biyu suka ce babu, Malam. Masu ilimi suka sa hannu. Kullum sai na ɗauko ta na duba, in ce to wataƙila ni ce ban gane ba." Ta kai hannu baya ta gyara ƙafar yaron. "Na ga yadda uwarsa take sure shi in ka fito. In aka yi min haka, me zan tashi in yi da safe?"

"Yana shaƙar numfashinki daga safe har la'asar."

"Ina kawar da kai in zan yi tari."

"Zan gaya wa Injiniya in ya dawo."

Ta ɗago ta dube shi, idanunta sun faɗa, sun yi ja. "Ba kai ne ba ka magana sai ka gwada ba? To ka gwada tukuna. In ya nuna, da hannuna zan kwance shi. In ka faɗa kafin nan, wallahi ni da kai sai dai gaisuwa."

A nan ne mutumin ya yi kuskurensa, kuma da ƙa'idarsa ya yi shi. Injiniya ya dawo da yamma, ya tsaya nesa da ƙofar sito ya gaishe shi, ya tambayi jiki. Takardar da ta wanke shi tana aljihunsa. Ya buɗe baki, sai ya ce wa kansa ai ba a yanke hukunci kafin awo, kwana biyu ne kawai. Gaskiyar magana ita ce shi ma so yake takardar farko ta yi daidai. Ya ce jiki da sauƙi, ya ja bakinsa ya tsuke.

Da gari ya waye ya tarar da kofin a kan tagarsa, an rufe, an ƙulle a baƙar leda. Ya kai asibiti. Nas ta tambaye shi ko an sauke yaron, ya ce ana kan shiri. Ta yi masa wani kallo, ya sunkuyar da kai kamar ɗan makaranta. Ranar da washegarinta ya yini a tsakar gida yana cewa ta shimfiɗa tabarma ta ajiye yaron a sarari. Takan ajiye. Da ya fara kuka sai ta ɗauka ta mayar baya, shi kuma ya kau da ido.

Rana ta uku da hantsi ya koma. Nas ba ta bar shi ya zauna ba.

"Akwai, kuma da yawa. Ka je ka taho da ita yanzu ta fara magani. Ana warkewa, Baba, wata shida ne in ta riƙe shi da kyau. Ku taho da yaron da iyayensa. Ƙananan nan ba sa jira kamar manya, dole mu duba shi yau."

Ya fito ya bi bakin titi da ƙafa, ya manta akwai mota. Duk rayuwarsa in gaskiyarsa ta fito sauri yake yi ya kai labari. Yau ƙafafunsa sun yi nauyi, ya tsaya sau biyu ba tare da dalili ba. Da za a ba shi zaɓi, da ya koma sito ya ƙare kwanansa a can da kofinsa mai jan farce, a ce ita lafiyarta ƙalau.

Tana shanya kayan yaron ya shigo. Ta dubi fuskarsa, ba ta dubi takardar ba. Ta matse 'yar rigar da ke hannunta ta rataya, ta goge hannu a zane.

"To," ta ce. "Gaskiyarka ce kuma."

"Ana warkewa. Ta ce wata shida."

Ta sunkuya, ta kwance majanyi, ta zamo da yaron ta gefe kamar yadda ta saba. Ta kusa kai bakinta goshinsa, sai ta fasa, ta kawar da fuska ta miƙo shi da hannu biyu.

"Riƙe angona. Ba ya son a kwantar da shi ta hagu. Bari in ɗauko mayafi."

Ta shiga ɗaki ta turo ƙofa. Yaron ya ga ta ɓace, ya miƙa hannu ya fasa kuka, yana banƙarewa yana ture ƙirjin kakansa da bai taɓa shi ba mako biyar. Tsohon ya rungume shi yana zagaya tsakar gida, yana ce masa yi shiru ɗan ƙwace, yanzu za ta fito. Ya laluba aljihu ya ciro waya zai kira Injiniya. Kukan ya lafa kaɗan, yaron ya kwantar da kai a kafaɗarsa yana ajiyar zuciya. Sai ya yi tari, ƙarami, busasshe, sau biyu.

Sai-na-gwada ya tsaya cak da wayar a hannu. Ya ce wa kansa kuka ne ya sarƙe shi, yara suna haka. Ya riƙe numfashi ya kasa kunne, yana roƙon Allah kada ya ƙara ji. Yaron ya sake yi.